Allurar cibiya da ƙwayar dexamethasone: yadda na tashi daga korona a Garwa

Assalamu alaikum. Ni direban babbar mota ne, haifaffen unguwar Hausare a Garwa. Fatauci ne ya kawo kakana daga ƙasar Kano ya zauna a bakin Binuwai, mu ma muka tashi muka tarar da tafiya ita ce sana'ar gida. Sama da shekara ashirin ina yin lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, in bi ta Garwa da Marwa da Mora da Waza in faɗa Kuseri, in haye gadar Ngeli in sauke kaya a Njamena. 'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Mamana nake kiranta. Duk bayanin asibiti da za ku gani a nan daga bakinta na ji shi da bakin likitan da ya duba ni, kuma na sa ta yi ta maimaita min har ya zauna a kaina.

Abin da ya sa nake ba da labarin nan shi ne har yau in an zauna hira a tasha, mutane suna ɗaukar korona a matsayin mura mai ƙarfi, wadda ko dai ta wuce ko ta kashe. Ni da na kwanta da ita na ga ba haka take ba. Ƙwayar cutar ita ce ta fara kayar da ni, amma abubuwan da suka kusa tafiya da raina guda biyu ne da suka biyo bayanta: kumburin huhu da daskarewar jini.

A watan Maris na 2021 ne, shekara guda ke nan da samun mutum na farko mai cutar a Kamaru, ranar 6 ga Maris 2020 a Yawunde. Lokacin zafin Garwa ya kai inda yake kaiwa. Na dawo daga Kuseri da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, na ɗauka gajiyar hanya ce, don wanda ya san ramukan da ke tsakanin Mora da Dabanga ba zai yi mamakin ciwon jiki ba. An gwada ni zazzaɓin sauro ba a samu ba. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne na buɗe tankin mota na sunkuya, ban ji warin gas ba ko kaɗan. Makon farko a gida na yi shi da farasitamol da kunu, har zazzaɓin ya lafa, uwargida ta fara cewa Alhamdu lillahi jiki ya yi kyau.

Da aka shiga mako na biyu sai abin ya juya. Daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa sai na tsaya na dafa bango. In na yi ruku'u na ɗago sai in ga duhu-duhu. Amma in na zauna shiru ba na jin wata wahala, ina magana, ina amsa waya. Mamana ta zo da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin da ke cikin jini, ta sa min, lamba ta tsaya a 86. Ta canza yatsa, ta murza hannuna ya yi ɗumi, ta sake sawa, bai motsa ba.

Na ce, "Mamana, ai gajiya ce kawai, bari rana ta yi sanyi."

Ta ce, "Baba, don Allah tashi. Ba za mu kai la'asar a gidan nan ba."

A mota take faɗa min cewa lafiyayyen mutum lambarsa 95 ce zuwa sama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya gaza 90 ciwonsa ya yi tsanani, ko da yana zaune yana hira. Ta ƙara da abin da ya kamata kowane baƙar fata ya sani: a ƙarshen 2020 likitoci a Mishigan ta Amurka sun nuna cewa na'urar takan nuna lamba sama da gaskiya a fata mai duhu. Wato 86 ɗin nan tawa, wataƙila abin da ke cikin jini bai ma kai haka ba.

Aka zura min tsinken auduga a hanci, gwaji ya tabbatar korona ce. Aka kai ni ɗakin da aka keɓe, aka sa min robar oksijin, aka ɗebi jini. Likitan matashi ne, ba ya jin Hausa, da Fulatanci muke magana. Washegari ya zo da takarda ya nuna min layi biyu. Ɗaya CRP, ma'aunin kumburi a jiki. Ɗayan D-dimer, wato ɓurɓushin da ke yawo a jini idan jiki yana ƙulla gudan jini yana kuma warware shi. Duka biyun sun haura.

Ga yadda ya bayyana min. A makon farko ƙwayar cutar ce ke hayayyafa a hanci da maƙogwaro da huhu. A mako na biyu takan fara ja da baya, amma a jikin wasu mutane garkuwar jiki ba ta tsayawa, sai ta ci gaba da faɗa har ta wuce gona da iri. Ƙananan jakunkunan iska na huhu su cika da ruwa, bangon jijiyoyin jini ya ji rauni ta ciki. Jini kuwa haka Allah Ya yi shi, duk inda ya ga rauni sai ya daskare don ya toshe. Ga mutum a kwance ba motsi, ga zazzaɓi ya ƙone ruwan jiki, ga zafin bazara. Sai jini ya yi ta ƙulluwa a ƙananan jijiyoyin huhu da manyan jijiyoyin ƙafa. Da ya ga sana'ata a takarda sai ya ce, "Baba, oksijin da muke ba ka kaya ne jirgi ya sauke a Ngaundere. In hanya ta toshe motoci ba su iso ba, kaya na nan jibge, Njamena kuma ba ta samu komai ba." Nan take na gane.

Daga baya Mamana ta ba ni labarin yadda aka gano hakan. A farkon 2020 likitoci a Hambug ta Jamus sun bincika gawarwakin mutum 12 da korona ta kashe. Bakwai daga cikinsu an tarar da gudan jini a jijiyoyin ƙafa wanda ba wanda ya san da shi suna da rai, huɗu kuma gudan jinin da ya ɓalle ya toshe huhu ne ya kashe su kai tsaye. Irin wannan bincike ne ya sa asibitoci suka koma yi wa kusan duk wanda aka kwantar da korona allurar tsinka jini, sai fa wanda yake da dalilin da zai hana.

Magani biyu aka ɗora ni a kai, ban da oksijin. Na farko dexamethasone, miligiram 6 sau ɗaya a rana, har kwana goma. Da na ji sunan sai na yi turus, don na san shi. Shi ne ƙwayar da masu tebur ke sayarwa a kasuwa, wadda ake kira sha-ka-fashe, 'yan mata na sha don su yi ƙiba kafin biki. Na ce wa likita, wannan ne zai tayar da ni? Ya ce shi ne, kuma duk duniya ba a fara samun maganin da aka tabbatar yana rage mutuwa a korona ba sai shi. Ranar 16 ga Yuni 2020 masu bincike na Jami'ar Okusfod a Ingila suka sanar da sakamakon gwajin da suka kira RECOVERY. Sun ba mutum 2,104 maganin, suka kwatanta su da mutum 4,321 da ba a ba su ba. A cikin waɗanda inji ke yi wa numfashi mutuwa ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, a cikin masu oksijin kawai irina ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Waɗanda ba su kai ga buƙatar oksijin ba kuwa bai amfane su da komai ba, har akwai alamar yana iya cutar da su. A watan Satumba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan haka: a ba masu tsanani, kada a ba masu sauƙi.

Wannan gaɓar ita ce nake so 'yan'uwana direbobi su riƙe, don mu mutane ne masu sayen magani a bakin hanya. Aikin ƙwayar nan shi ne danne garkuwar jiki. Wanda ya sha ta a makon farko, lokacin da jiki ke buƙatar ƙarfinsa don ya kori cutar, ya ɗaure hannun mai kare shi ne. Maganin ɗaya ne, a teburin kasuwa da a hannun likita. Bambancin shi ne likita ya auna iskar jinina kafin ya ba ni, ya san ranar farawa, ya san ranar tsayawa.

Kuma ba kyauta ya yi min aiki ba. Sugana ya tashi, ni da ban taɓa sanin ina da ciwon suga ba, har sai da aka haɗa min da insulin, ana huda min yatsa safe da yamma. Barci ya ƙaurace min. Shaƙuwa ta kama ni ba dare ba rana, ga robar oksijin a fuska, kowace shaƙuwa sai na ji ta har ƙashin baya. Da aka gama kwana goman sugan ya sauka da kansa.

Magani na biyu allura ce, Lovenox, wadda likitoci ke kira enoxaparin, dangin heparin, maganin tsinka jini. Tana zuwa a cikin sirinjinta a shirye, mililita 0.4, wato miligiram 40, sau ɗaya a rana. A ciki ake yin ta. Mai jinyar dare, wata dattijuwa mai sanyin hannu, takan ɗaga rigata, ta auna kamar faɗin yatsu uku daga cibiya zuwa gefe, ta tsunkuli fata da yatsu biyu ta ɗago, ta soka allurar a tsaye. Akwai ɗan kumfar iska a cikin sirinjin, na taɓa nuna mata, ta ce da gangan aka bar shi, ba a fitar da shi. Ba ta sakin fatar sai ta zare. In na kai hannu zan murza don zogi sai ta riƙe hannuna ta ce kada in taɓa, murzawa ke tara jini a ƙarƙashin fata. Yau dama, gobe hagu. Duk da haka kafin a sallame ni cikina ya yi tabo-tabo, wani baƙi, wani shuɗi-shuɗi. Kafin a fara an tambaye ni ko ina da gyambon ciki, ko na taɓa aman jini, an duba ƙodata, an ƙirga ƙwayoyin da ke daskarar da jini, don allurar da ke hana daskarewa ita ce kuma ke iya sa jini ya ƙi tsayawa.

A kan allurar nan ne aka yi ƙaramin rikici a gidanmu. Ɗan Yayana, ɗan makaranta, shi ke zuwa farmasi da takardar magani. Ya karanta takardar da ke cikin kwali ya ga an rubuta cewa daga hanjin alade ake samo maganin. Gaskiya ne kuwa, Mamana ba ta musa ba. Yaya ya kira ni a waya rai a ɓace, ya ce ba za a cusa wa ƙaninsa najasa yana bakin kabari ba. Ni kuma ina kwance ina haki, maganar ta tsaya min a rai, don ba wanda yake so ya gamu da Ubangijinsa da shubuha a jiki. Mamana ta ce, "Baffa, mu je wurin Malam tare, abin da ya faɗa shi ke nan." Suka je wurin limaminmu bayan isha'i. Tambaya biyu ya yi: akwai wani magani a garin nan da zai tsaya a madadinsa? Likita ya ce barinsa na iya jawo halaka? Ta ce babu, kuma e. Sai ya karanta musu aya ta 173 a Suratul Baƙara, inda Allah Ya haramta mushe da jini da naman alade, sannan Ya ce wanda larura ta tilasta wa, ba mai zalunci ba, ba mai ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. Yaya ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, na ji." Shi ne ma ya biya kuɗin kwalin da ya biyo baya. Ina ganin girmansa a kan wannan har gobe, don ya yi magana saboda tsoron Allah, ya kuma janye saboda tsoron Allah.

Ko su likitocin a lokacin ba su gama daidaita yawan allurar ba. Sai a watan Agusta 2021 aka fitar da sakamakon wasu manyan gwaje-gwaje uku da aka haɗa, suka nuna cewa cikakken awo mai yawa yana ɗan taimakon wanda ke kwance a ɗaki na gama-gari, amma wanda ya riga ya shiga ɗakin kulawa ta musamman bai ƙaru da shi ba, sai ƙarin haɗarin zubar jini. Asfirin ma, da mutane suka yi ta sha suna cewa yana tsinka jini, an gwada shi a RECOVERY, bai rage mutuwa ba. Akwai wani maganin kumburin, tocilizumab, wanda likita ya ce da ana samunsa da ya so ya ƙara min. Ba a samunsa a wurinmu, kuma ko da an samu, kuɗinsa ba na direba ba ne.

Sauran jinyar kwanciya ce rub da ciki. Sun ce bayan huhu ya fi faɗi, in mutum ya kwanta rigingine nauyi na danne shi. Mutum mai tumbi kamata, kwanciyar nan azaba ce, amma da idona nake ganin lamba tana hawa daga 88 zuwa 93 in na kife. Wani dare wuta ta ɗauke, injin da ke tace oksijin ya tsaya, tukunyar oksijin da ke ɗakin kuma ta kusa ƙarewa, mu uku muna kallonta. Masu jinya suka yi ta guje-guje da fitilar waya har aka gangaro da wata. Ban taɓa sanin tsawon minti ba sai a daren nan.

Maƙwabcin gadona wani dattijo ne mai sayar da shanu, daga wajen Gidar. Ya riga ni samun sauƙi, har an fara maganar sallamarsa. Shi ba a yi masa allurar cikin ba, saboda ya zo da gyambon ciki mai zubar jini. Da safe ya tashi zai zaga, ya yi taku kaɗan, ya dafe ƙirji, ya ce "La ilaha illallah", ya sulale. Kafin a ɗora shi a gado rai ya yi halinsa. Likita ya ce min mai yiwuwa gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe babbar jijiyar huhu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Dare da yawa mun yi hira da shi a kan farashin shanu a kasuwar Adumri.

An sallame ni gab da azumi. Kuɗin jinya ya ci adashen da nake yi da abokan aiki, ya ci 'yan kunnen zinaren uwargida. Na koma gida ba ƙarfi, in na yi alwala sai na huta. Malam ya ce in sha azumi in rama daga baya. Yawancin yini a kan tabarma nake a zaure.

Ranar 20 ga Afrilu, ranar da aka sanar da rasuwar Shugaba Idriss Deby na Chadi, ina riƙe da rediyo ina tunanin abokaina da ke tsallaken gada da motocinsu an rufe iyaka, sai na ji sha-raɓar ƙafata ta hagu ta ɗaure, ta yi nauyi, ta yi zafi. Kafin magariba ta kumbura, fatar tana sheƙi. Inna, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta ce sanyi ne ya sauka a ƙafa, a kira wanzami ya yi ƙaho, kafin nan a kawo man zafi a yi tausa. Uwargida har ta ɗauko man. Allah Ya sa Mamana ta shigo shan ruwa. Ta durƙusa gaban kakarta ta ce, "Inna, ki yi min rai, kada kowa ya taɓa ƙafar nan. In aka matsa, abin da ke ciki zai iya ɓallewa ya tafi huhu." Ta karɓi tef ɗin awo na ɗinki, ta auna ƙafafun biyu a wuri ɗaya ƙasa da gwiwa. Ta hagu ta fi ta dama da sama da santimita 3.

A asibiti aka shafa min wani ruwa mai yauƙi, aka bi jijiyar da na'urar eko, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tun daga matsematsi har bayan gwiwa. Mai hoton ya juyo min da allon. Ya ce lafiyayyar jijiya in an danna ta takan lotse ta rufe. Ya danna ta dama, ta rufe. Ya danna ta hagu a bayan gwiwa, ta tsaya a buɗe da wani abu toka-toka a ciki. Ashe kumburin korona bai gama sakin jinina ba ko bayan huhu ya warke.

Aka dawo da allurar ciki, wannan karon gwargwadon nauyina, miligiram ɗaya a kowane kilo, safe da dare. Aka haɗa da ƙwayar Sintrom, ita ma ta tsinka jini, aka ci gaba da allurar har ƙwayar ta kama aiki. Ita ƙwayar sai da gwajin jini da ake kira INR, ana so lamba ta zauna tsakanin 2 da 3. In ta yi ƙasa jini zai sake daskarewa, in ta yi sama mutum zai zubar. Mafi ƙarancin lokacin shan ta wata uku ne. Har abinci ya shigo ciki, don ganye irin su zogale da alayyafo suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin. Likita bai hana ni miyar ganye ba, ya ce dai in ci daidai yadda na saba, kada yau in cika kwano gobe in daina. Ya hana ni diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda mu direbobi muke haɗiya don ciwon baya ba tare da tunani ba. Ya hana ƙaho da tsaga. Ya ce in na ga bayan gida baƙi ƙirin, ko fitsari ja, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko dasashi na jini in na yi asuwaki, in zo ko tsakar dare ne.

Ya kuma hana ni hanya har in gama. Dalilinsa shi ne mai shan maganin tsinka jini in ya yi haɗari a dajin Waza, kafin a kai shi inda za a ƙara masa jini an makara. Wannan ya fi komai yi min ciwo, ina zaune ina ganin wani ya ja motar da na saba da ita. Yaron motata ne ya riƙa kawo wa gidana cefane daga ɗan abin da yake samu, ban roƙe shi ba. Allah Ya saka masa da alheri, yanzu shi ma direba ne.

Bayan damina na koma aiki. A lokacin an riga an fara rigakafin korona a Kamaru tun watan Afrilu, na je na yi nawa da izinin likita. Tuƙina ya canza. Da can nakan rage shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da ni, in zauna daga Garwa har Marwa ƙafa a lanƙwashe. Yanzu jarka na gefena, bayan kamar awa biyu sai na faka na zagaya motar, in jerin gwanon duwan, wato kwastan, ya riƙe mu a Kuseri ba na zama a kan kujera. Ƙafar hagu har yau ta ɗan fi 'yar'uwarta kauri, da yamma takan yi nauyi, ina sa doguwar safa mai matsewa da aka rubuta min.

Likita ya ce wanda jininsa ya taɓa daskarewa ya fi sauran mutane haɗarin sake samu, don haka duk ranar da za a yi min tiyata, ko ciwo ya kwantar da ni, ko zan yi doguwar tafiya a jirgin sama, in faɗa tun kafin a tambaye ni. Ya rubuta min takarda da Faransanci mai ɗauke da tarihin ciwon da magungunan da na sha. Na fara tara kuɗin kujerar Makka, kuma Mamana ta riga ta ce kafin in hau jirgi sai mun koma wurinsa da takardar ya duba ƙafar.